Tambayoyi da Amsoshi Kan Abinci da Begen Gida a Wurin 'Yan Afganistan Mazauna Ƙetare

Fiye da shekara arba'in ke nan mutanen Afganistan suna barin ƙasarsu ayari bayan ayari, kuma duk inda suka yada zango, tanderun gurasa da tukunyar shinkafa suna daga cikin abubuwan farko da suke kafawa. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abin da suke dafawa a can, da abin da girkin yake tuna musu.

Su wane ne ake nufi, kuma yaushe suka bar gida?

Ba fita ɗaya ba ce. Ayari na farko ya tashi ne bayan juyin mulkin 'yan gurguzu na watan Afrilun 1978 da shigowar sojojin Tarayyar Sobiyet a watan Disambar 1979, lokacin da miliyoyin mutane suka ƙetara zuwa Pakistan da Iran. Wasu sun biyo baya a zamanin yaƙin basasar da ya ragargaza Kabul bayan 1992, wasu kuma a mulkin Taliban na farko da ya fara a 1996, sannan aka sake yin wata babbar fitar bayan Taliban ta koma Kabul ranar 15 ga Agustan 2021. Mafi yawansu har yanzu suna maƙwabta, a birane irin su Peshawar da Kwetta da Mashhad da Tehran, amma akwai manyan al'ummominsu a Hamburg ta Jamus, da Fremont ta jihar Kalifoniya inda ake kiran wata unguwa Ƙaramar Kabul, da Toronto, da yammacin Landan, da Dandenong a gefen Melbourne, da unguwar Lajpat Nagar ta Delhi.

Shekarun nan suna da muhimmanci ga zancen abinci, domin kowane ayari ya fita ne da Afganistan ɗin da ya sani a ranar tashinsa. Matar da ta bar Kabul a 1981 tana dafa abincin Kabul na 1981, ko da kuwa Kabul ɗin kanta ta daɗe da sauya hannu.

Me ya sa ake yawan ambaton shinkafar da ake kira palau na Kabul?

Domin ita ce abincin girmama baƙo, kuma da ita ake auna gwanintar mai girki. Ana jiƙa doguwar shinkafa na wasu sa'o'i, a soya albasa har ta yi duhu, a dafa naman rago a cikinta har ya yi laushi, sannan a tsame naman a tace romon. Ita shinkafar ana ba ta rabin dahuwa a cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye, a mayar da ita tukunya tare da romon da kayan ƙamshi, waɗanda suka haɗa da kirfa da kanumfari da zira, wanda Larabawa ke kira kamun, da hel, ƙwayar nan da ake sa wa gahawa. Daga nan sai mai girki ta tara shinkafar kamar tsibi, ta huda ramuka da ƙotar ludayi domin tururi ya sami hanya, ta naɗe murfin tukunyar da tsabtataccen ƙyalle don kada gumin murfin ya ɗiga ya caɓe ta, ta rage wuta ta bar ta ta turara. Wannan turarawar ita suke kira dam, kuma a da har garwashi ake ɗorawa a kan murfin. Karas da aka yanka siri-siri da zabibi ana soya su daban da ɗan sukari, a barbaɗa a sama lokacin zubawa, naman kuwa a binne shi a ƙarƙashin shinkafar.

Abin da ya sa ta zama abin tunawa shi ne ba a dafa ta don mutum ɗaya. Wanda ya tashi yana ganinta a faranti mai faɗi a tsakiyar mutum goma sha biyar, idan ya dafa kofi biyu a ɗakinsa na haya a Hamburg, yawan abin da ya rage a tukunya kaɗai ya isa ya tuna masa da waɗanda ba sa nan. Ƙanzon gindin tukunyar ma, wanda yara ke rububi a kai, yakan kwana ba wanda ya nema.

Idan ana samun kayan haɗin a kantunan ƙetare, me ya sa suke cewa ɗanɗanon bai kai na gida ba?

Wani ɓangare na wannan ƙorafi gaskiya ne da za a iya aunawa. Kabul tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 94, saboda haka lokacin dahuwar da hannu ya saba da shi a can ba ya daidaita a birnin da ke bakin teku. Naman ma ya bambanta, domin tumakin Afganistan da yawa masu kitsen wutsiya ne, kuma wannan kitse da suke kira dumba shi ke ba tsire da shinkafa wani ƙamshi da ragon Turai ba shi da shi. Akwai kuma gandana, wani ganye dangin albasa da ake yanka shi ya sake tofowa, wanda idan aka rasa shi sai a koma ga ganyen albasa ko wani danginsa da ake samu a kantunan 'yan Sin. Shinkafar kanta galibi ta Pakistan ce ko ta Indiya, ba ta Laghman ko Baghlan ko Kunduz ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa yana cikin kan mai ci. Masana sun nuna cewa saƙon ƙamshi yana isa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe da tunani da motsin zuciya ta gajeriyar hanya fiye da saƙon gani ko na ji, shi ya sa ƙamshin soyayyar albasa kan dawo wa mutum da wani tsakar gida gaba ɗaya kafin ya ankara. Sai dai abin da ya dawo ɗin ya haɗa da muryar mahaifiya da sanyin safiya da hayaƙin itace, kuma babu kantin da ke sayar da waɗannan. A ganina mai cewa abincin bai kai na gida ba yana da gaskiya ko da an kawo masa kowane sinadari daga Kabul a jirgin sama.

Wane matsayi gurasa take da shi?

A harshen Dari, ɗaya daga manyan harsunan ƙasar, kalmar da ake furtawa "naan" tana nufin gurasa, tana kuma nufin abinci baki ɗaya, kuma haka kalmar dodai take a harshen Pashto. Idan an tambayi mutum ko ya ci gurasa, ana tambayarsa ne ko ya ci abinci. A biranen Afganistan kowace unguwa tana da mai tanderu, akan aiki yaro da sassafe ya sayo dogayen gurasa masu zafi, wasu gidajen kuma su kai nasu kwaɓin a gasa musu. Ba a taka gurasa, kuma wanda ya ga gutsurenta a ƙasa yakan ɗauke ya ajiye a wuri mai tsayi. Wanda ya ci gurasa da gishirin wani gida ya ɗauki nauyin amana, mai cin amanar kuma ana kiransa namak haram, wato wanda ya haramta gishirin da ya ci.

Saboda haka buɗe gidan gurasa a wata unguwa ta ƙetare alama ce ta cewa jama'ar sun yi yawan da za su zauna. A layin jiran gurasar ne ake jin labarin aiki da ɗakin haya da wanda ya iso sabo da wanda aka yi wa rasuwa a gida.

Mene ne mantu da ashak, kuma me ya sa mata suka fi kewarsu?

Dukansu kwaɓin fulawa ne da ake murzawa ya yi siriri kamar takarda, a yanka ƙanana, a cusa wani abu a ciki a liƙe. Mantu ana cusa masa niƙaƙƙen nama da albasa a turara a madambaci mai hawa-hawa, ashak kuma ana cusa masa gandana a dafa a tafasasshen ruwa. Ana shimfiɗa kindirmon da aka tsane aka dama da tafarnuwa a ƙasan faranti, a jera su a kai, a zuba miyar tumatir, a ƙara kindirmo, a barbaɗa busasshiyar na'a-na'a.

Wahalar tana wajen naɗin. Mai naɗa mantu takan ɗora yankin kwaɓi mai kusurwa huɗu a tafin hannunta, ta sa cokali guda na nama a tsakiya, ta haɗa kusurwa biyu masu fuskantar juna ta matse, ta haɗa sauran biyun, sannan ta kama kunnuwan gefe ta liƙe su biyu-biyu, kuma kafin a ciyar da gida mai baƙi sai an yi haka sau ɗari biyu ko fiye. A gida aikin taro ne: uwa da 'ya'ya mata da matan 'yan'uwa da maƙwabta suna zaune a ƙasa kewaye da faranti, ɗaya tana murzawa, ɗaya tana yankawa, sauran suna naɗi, hira kuma tana tafiya. A ƙetare, inda ƙanwa ke Toronto, yaya ke Sidni, mahaifiya kuma ke Peshawar, mata da yawa sun koma sayen yankakken kwaɓin da 'yan Sin ke naɗa nasu abincin da shi. Dabarar tana rage aiki ƙwarai, ɗanɗanon ma ba laifi, amma takan bar mace ɗaya tsaye a gaban teburin girki tana naɗi ita kaɗai, wani lokaci da waya jingine a jikin kwalbar mai tana magana da 'yar'uwarta ta WhatsApp.

Me ya sa zancen 'ya'yan itatuwa ba ya ƙarewa a bakinsu?

Domin kowane yanki da abin da ya yi suna a kai, kuma ambaton ɗan itacen ambaton garin ne. Kandahar ta shahara da rumman, filin Shamali da ke arewa da Kabul da inabi, Herat da inabi da za'afaran, arewacin ƙasar da shammam, wato wani dangin kankana, kwarin Panjshir kuma da tut, wani ɗan itace mai zaƙi da ake busarwa a daka a yi guzurin da ake kira talkhan. A ƙauyukan arewacin Kabul akwai wata tsohuwar dabara da ake kira kangina: ana gina ƙwarya biyu da laka da ƙaiƙayi, a busar a rana, a zuba inabi a ciki, a haɗa bakinsu a shafe da laka, a ajiye a wuri mai sanyi. Bayan wata biyar ko shida, a tsakiyar hunturu, sai mai sayarwa ya ƙwanƙwasa lakar ta rabe biyu, inabin ya bayyana ɗanye kamar jiya aka tsinke shi. Wanda ya taɓa tsayawa yana yaro ana fasa masa kangina ba zai ga inabin cikin firiji da daraja ɗaya ba.

Wannan bege tsoho ne. Sarki Babur, wanda ya kama Kabul a 1504 ya kuma kafa daular Mughal a Indiya bayan yaƙin Panipat na 1526, ya rubuta cewa an kawo masa shammam yana Indiya, da ya yanka ya ci sai kewar Kabul ta kama shi har ya yi hawaye. Ya rasu a Agra a 1530, daga baya aka mayar da gawarsa lambunsa na Kabul.

Me suke ɗaukowa a jaka idan wani ya je gida, kuma me doka take hanawa?

Tsarabar da aka fi so ita ce busassun 'ya'yan itace: koren zabibi, da busasshen tut, da badam, wato ƙwayar almond, da jalghoza, ƙwayar itacen pine da ake samu a dazuzzukan gabashin ƙasar, tare da za'afaran da koren shayi da noql, wato badam da aka lulluɓe da sukari. Matsalar takan taso ne a kan abu biyu da aka fi kewa. Na farko shi ne kurut, kindirmon da aka tsane aka sa masa gishiri aka dunƙula aka busar har ya yi tauri kamar dutse, wanda ake jiƙawa a murza a yi miya da shi. Na biyu shi ne landi, naman ragon da ake yankawa a ƙarshen kaka, a shafe da gishiri, a rataye a iska mai sanyi domin cin hunturu. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga wajen ƙasashenta, Ostireliya da Amurka ma suna da tsauraran dokoki a kan irin waɗannan kaya, don haka sau da yawa abin da kaka ta ƙulla da hannunta yana ƙarewa ne a kwandon jami'an kwastan.

Waɗanne lokuta ne abinci ya fi tayar da tunanin gida?

Nauruz, sabuwar shekarar da ke kamawa wajen 21 ga Maris, tana kan gaba. Ana jiƙa busassun 'ya'yan itace iri bakwai a ruwa kwana ɗaya ko biyu a yi abin da ake kira haft mewa, a dafa farar shinkafa da alayyafo a daren jajibiri. Akwai kuma samanak, wanda ake yi da tsiron alkama, mata su kwana suna juya babbar tukunya suna waƙa har gari ya waye. Taliban ta cire Nauruz daga ranakun hutun hukuma a 2022, abin da ya ƙara wa bikin nauyi a wurin waɗanda ke waje, ko da yake a cikinsu ma akwai masu ganin bai dace da addini ba, ba sa yin sa.

A watan azumi bolani ne ke cika faranti lokacin buɗa-baki, wato siririyar gurasa da aka cusa wa dankali ko gandana ko kabewa aka soya. Sai kuma makoki, wanda shi ne mafi nauyi. Idan an yi rasuwa a Kabul ko Herat, ɗan mamacin da ke Jamus, wanda takardunsa ba su ba shi damar komawa ba, yakan tara jama'a a masallaci a yi fatiha, a dafa shinkafa, a tuƙa halwa ta fulawa da mai da sukari a raba sadaka. Bai ga gawa ba, bai taka maƙabarta ba, girkin nan shi ne abin da ya rage masa ya yi wa mahaifinsa da hannunsa.

Shin abincin 'yan Afganistan iri ɗaya ne?

A'a. 'Yan ƙabilar Pashtun na gabas suna alfahari da chapli kabab, faffaɗan niƙaƙƙen nama da ake soyawa a kitse, Uzbek da Turkmen na arewa su ne gwanayen palau da mantu, girkin Herat ya kusanci na Iran, Hazara na tsaunukan tsakiya kuma sun fi dogara da alkama da kayan madara. Akwai Sikh da Hindu 'yan Afganistan da yanzu da yawansu suke Delhi da Southall ta Landan, su ma da nasu hannun. Zaman hijira ya ƙara wani bambancin: wanda ya shekara ashirin a Peshawar ya saba da barkono fiye da yadda Kabul ta sani, wanda ya girma a Mashhad kuma miyarsa ta ɗauko tsamin girkin Iran.

Gidajen abinci na ƙetare sukan tattara duk wannan a takarda ɗaya ƙarƙashin sunan ƙasa ɗaya. Gidan abincin Helmand da Qayum Karzai, ɗan'uwan tsohon shugaba Hamid Karzai, ya buɗe a Baltimore a 1989 yana daga cikin waɗanda suka sanar da Amurkawa wannan girki. A irin waɗannan wurare ne akan ga ƙabilun da siyasar gida ta raba suna cin abu ɗaya, ko da yake kowa yana fita yana cewa na mahaifiyarsa ya fi.

Yaya waɗanda suka fita a 2021 suka yi?

An kwashe fiye da mutum 120,000 ta filin jirgin Kabul a cikin makonni biyu na ƙarshen Agustan wannan shekara, akasarinsu da ƙaramar jaka ɗaya. A Amurka an fara ajiye dubbai a sansanonin soja irin su Fort McCoy da ke Wisconsin, a Birtaniya kuma iyalai da yawa sun zauna a otal-otal fiye da shekara guda. Abinci yana zuwa a kan lokaci, amma babu murhu, kuma macen da ta saba ciyar da gida tun tana budurwa ta koma bin layi da faranti a hannu. Ga mutanen da ke ganin kunya ce baƙo ya shigo ya fita bai sha shayi ba, rashin wurin dafa shayin ba ƙaramin ƙasƙanci ba ne. Tsofaffin mazauna ne suka riƙa kai musu gurasa da tukwanen shinkafa, kuma daga baya mata da dama a cikin sababbin zuwan da girkin suka fara samun kuɗin kansu.

Akwai kuma wani nauyin da ba a cika faɗa ba. Yunwa ta tsananta a Afganistan bayan 2021, don haka mai zuba palau a Toronto ya san cewa ɗan'uwansa a gida wataƙila gurasa da shayi kaɗai ya samu, kuma kuɗin da ake aikawa ta hanyar hawala galibi na fulawa da mai ne.

Yaran da aka haifa a waje fa?

Da yawansu harshen Dari ko Pashto ya yi musu rauni, amma sunayen abinci ba sa ɓacewa, kuma yaron da ba zai iya doguwar hira da kakarsa ba ya san ya ce mata bibi jan, yadda suke kiran kaka, ya roƙi bolani. Wahalarsu ita ce iyayen ba sa girki da ma'auni. Idan 'ya ta tambayi yawan gishiri, amsar ita ce gwargwadon yadda ya kamata, idan ta tambayi minti nawa, sai a ce har sai ƙamshinsa ya fito. Shi ya sa wasu suke tsayawa a bayan mahaifiyarsu da waya suna ɗaukar hoton bidiyo, suna tare hannunta kafin ta zuba domin su auna abin da ta ɗebo. Abin da suke adanawa girkin gida ɗaya ne na wata unguwa a wata shekara, kuma wanda ya kai ziyara Kabul a cikinsu yakan tarar mutanen can sun daɗe da shigo da wasu abubuwan da kakarsa ba ta taɓa sani ba.

Ko Bahaushe ya taɓa cin abincinsu ba tare da ya sani ba?

Wanda ya je aikin Hajji ko Umara da wuya bai ci ba. Faffaɗar gurasar nan ta tanderu da ake kira tamis, wadda ake ci da dafaffen wake da safe a Makka da Madina da Jidda, 'yan Afganistan ne suka fi gasa ta, kuma su ne ke riƙe da shaguna da yawa na shinkafar Bukhari, wadda sunanta ya fito daga birnin Bukhara na Uzbekistan, 'yar'uwar palau ce ta kusa.

Idan suka gayyaci mutum cin abinci, me ya kamata ya sani?

Zai cire takalmi a ƙofa, a zaunar da shi a wuri mafi nisa daga bakin ƙofa domin nan ne mazaunin girma. A gidajen da suka riƙe al'ada wani yaro zai zagayo da buta da tasa a wanke hannu, sannan a shimfiɗa dastarkhan, ƙyallen da ake jera abinci a kai, wanda ba a tsallaka shi ba a kuma miƙe ƙafa a kansa. Mai gida zai ce nosh-e jan, wato a ci lafiya, zai kuma riƙa tura wa baƙo tsokar nama yana cewa bai ci komai ba, don haka gara mutum ya fara da kaɗan. Idan an gama, abin da ake ce wa wadda ta yi girki shi ne dastet dard nakona, ma'ana kada hannunki ya yi ciwo. Shayi zai biyo baya, kore ko baƙi, da hel a ciki, kofin farko cike da sukari, na bayansa kuma babu, sai dai a haɗa da noql ko zabibi. Za a ci gaba da cika kofin muddin yana tsaye, saboda haka wanda ya ƙoshi sai ya kife shi ko ya rufe bakinsa da tafin hannu ya yi godiya.